Ƙwarƙwatar Akuya Ba Ta Kama Yaro

A aikina na likitan dabbobi, sau da yawa uwa kan ce mini awakin gidan ne suka zuba wa 'ya'yanta ƙwarƙwata. Ba su ba ne. Kowace ƙwarƙwata da mai gidanta, kuma jikinta an gina shi ne daidai da nasa.

Idan ka sa ta ƙarƙashin madubin bincike za ka gani da idonka. Ba ta da fuffuke, ba ta kuma tsalle irin na ƙuma. Jikinta a baje yake, tana ratsa gashi ta lafe a kan fata. Ƙafafunta shida, kowace da ƙumba mai lanƙwasa da ke rufewa a kan silin gashi kamar awartaki, kuma faɗin kamun ya dace da kaurin gashin dabbar da take kai. Shi ya sa ta saniya ba ta iya zama a kan mutum, ta raƙumi ma daban take. Ta giwa kuwa dogon baki gare ta saboda kaurin fata. Masu shan jini daga cikinsu har da wasu ƙananan halittu suke ɗauke da su a ciki, waɗanda ke samar musu sinadaran bitamin da jini bai wadata da su ba.

Wannan jingina ita ce rauninta. In ta faɗo daga jikin dabba, 'yan kwanaki kaɗan ta mutu, don ta rasa ɗumi da abinci. Galibi sai an goga jiki take yaɗuwa, shi ya sa ta fi yawa a garken da aka cunkushe, da lokacin hunturu, da kan dabbar da ta rame.

Inda ta fi mu wayo shi ne ƙwai. Takan manna shi a gindin gashi da wani danƙo da wanka ba ya cirewa, kuma yawancin magunguna ba sa ratsa ɓawonsa. Cikin mako 1 zuwa 2 ya ƙyanƙyashe. Nan makiyayi ke cewa magani jabu ne, alhali manyan sun mutu, sabbi ne suka fito. A maimaita bayan kwana 14, kuma a yi wa garken duka rana ɗaya. Allurar Ivermectin tana kashe masu shan jini, amma masu cin ɓawon fata sai maganin zubawa a gadon baya.

Kada a raina susa. Na ga ɗan akuya da aka buɗe fatar idonsa ta yi fari fat saboda ƙarancin jini, ga fatar jiki ta lalace da goga a bango, ba za ta yi daraja a hannun majema ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shafa wa yaro fiya-fiya ko maganin feshin gona a kai. Guba ne, fata tana shanye shi. Ƙwarƙwatar yaro daga kan wani yaron ta zo, ta kwanciya wuri ɗaya ko aron mataji da ɗankwali. A nemi maganinta wurin ma'aikacin lafiya, a riƙa tajewa da mataji mai ƙananan haƙora.