Darasin Rani: Gyaran Ɗaki da Tsofaffin Kayansa

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, gero da dawa sun shiga rumbu. Yanzu ne lokacin duba ɗakunan da damina ta taɓa. A ƙauyukan Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa ba a rasa soron da ya tsage, ko ɗakin ajiyar ƙungiya mai yoyo. Yawancinmu mukan kai hatsi kasuwa tun yana araha, mu sayo siminti da sabon kwano. Kafin watan Yuli sai mu koma sayen hatsin nan da tsada, wani ma da bashi. Ɗaki ya yi kyau, yara suna kwana da yunwa.

Ga abin da muke so mu koya: yawancin kayan gyara suna nan cikin ɗakin da ya lalace. Ku tuna da Nehemiya. Maƙiya sun yi masa ba'a domin duwatsun garun Urushalima suna cikin juji, wuta ta ci su. Amma jama'a suka raba aikin sashe sashe, aka gama cikin kwana 52. Ku karanta sura 3, 4 da 6 kafin taro.

1. Warwarewa. Kada mu ture bango gaba ɗaya. Mu fara daga sama, mu sauko a hankali. Azara gefe guda, ƙasa gefe guda, ƙofa da taga a inuwa. Yara su tsince ƙusa, a miƙe ta da guduma.

2. Ƙasa. Ƙasar tsohon bango ba ta mutu ba. A farfasa ta, a jiƙa, a zuba tattaka ko busasshiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa. Daga nan a yi tubali, a shanya kamar mako biyu. Tubalin da bai bushe ba shi ke tsaga bango.

3. Azara. Wannan ita ce dukiyar ɗakin. Giginya ta yi ƙaranci, tana kuwa ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Azara mai kyau ba ta cika jin gara ba, takan yi ɗaki biyu ko uku. Mu ƙwanƙwasa kowace ɗaya: wadda ta yi ƙara mai ƙarfi mu ajiye, wadda ta yi taushi ko tana zubar da gari ta tafi murhu. Bakin da ya ruɓe a yanke, guntun ya yi kan ƙofa. Amma mu lura, azara ita kaɗai ba ta ƙetare fiye da ƙafa 6 da nauyin ƙasa a kanta. In ɗakin ya fi haka faɗi, mu kira magini. Kuɗin magini ya fi sauƙi a kan rufi ya faɗo wa iyali.

4. Kwano. Tsohon kwanon da tsatsa ba ta huda ba yana da sauran aiki. A toshe ramukan ƙusa da kwalta da tsumma. A buga ƙusa bisa tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Wanda ya lalace a yanka shi a yi indararo mai tsawo, domin ruwa ya zuba nesa da bango.

5. Yaɓe. Siminti bisa bangon ƙasa yakan ɓamɓare, ruwa ya shige ta baya ya ci bangon a ɓoye. Iyayenmu sun san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso na katsin marina, gashin jima da dafara. Mu yaɓe da su, mu sabunta a kan kari. Fasassun bulo da duwatsu kuwa mu yi dakali da su a gindin bango, gama daga nan rushewa takan fara.

6. Abin ƙi ko da kyauta ne. Tsohon silin ko rufi na asbestos, ƙurarsa tana kawo mugun ciwon huhu. Katakon da gara ta shiga zai kawo ta gida. Gangar da aka zuba maganin ƙwari kada ta zama randa.

Aikin nan na gayya ne. Ƙungiya ta rubuta ɗakunan da ke bukata, ta fara da na gwauraye da tsofaffi, sa'an nan ɗakin ajiya. Mu soma a Janairu tun rijiyoyi suna da ruwa, mu gama kafin sharar gona, gama ruwan Yuni ba ya jiran kowa.

Tambayoyi domin taro:
(a) Ɗaki nawa ne a ƙauyenmu ba zai kai wata damina ba?
(b) Wa ke da azara ko kwano a ajiye da zai ba ɗan'uwa?
(c) Wane dattijo ne ya iya haɗa laso, su wa za su koya a wurinsa bana?

Allah ya ba mu ƙarfin aiki da zuciya ɗaya. Amin.