Shin injin ban-ruwa ma ana haɗa masa fetur da baƙin mai?

Ni manomin rani ne a yankin Kura. Ina da ƙaramin janareta wanda sai an gauraya masa fetur da baƙin mai. Bana na sayi injin ban-ruwa, maƙwabcina a fadama ya ce shi ma in riƙa gauraya masa, wai zai fi ƙarko. Tun daga nan yake fitar da shuɗin hayaƙi, fulogi kullum baƙi ƙirin, sai na yi ta jan igiya kafin ya tashi. Ko lalacewa ya yi?

Manomi, daga Kura

Da alama injinka lafiya lau yake, amma ka daina gaurayawar tun yau.

Duka injinan biyu aikinsu ɗaya: fetur da iska su haɗu a kafireto, fistin ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi, ƙarfin wutar ya tura fistin ya juya inji. Na ban-ruwa yana yin haka ne a motsi huɗu, tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya fitar a 1876: fistin ya sauka ya zuƙo, ya hau ya matse, wuta ta kama ya sauka, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Baƙin mansa yana can ƙasa a mazauninsa daban. Wanda kake zubawa a fetur ƙonewa kawai yake, yana toshe fulogi da salansa.

Janaretarka kuwa hawa ɗaya sauka ɗaya ta gama komai. Fetur ɗin ta cikin ƙasan injin yake bi kafin ya isa wurin wuta, don haka babu inda mai zai kwanta, dole fetur ya goyo shi. Yawancin irinta mililita 20 na mai ne a kowace litar fetur, kuma mai alamar 2T, ba na mota ba. Ka hana ta man, fistin ya kafe.

Ka tsiyaye tankin injin ban-ruwan da kafireto, ka canza fulogi. Kullum kafin ka ja igiya, ajiye shi a wuri miƙaƙƙe ka duba sandar awon mai. Sabo ne, don haka juye man farko bayan aikin awa 20. Ka riƙa wanke soson tace iska, musamman da hunturu. In shuɗin hayaƙin bai ɗauke ba, bakanike ya duba maka ringi.