Gurɓatar Iskar Birane da Ruwan Sama Mai Tsami: Darasi Daga Birnin Landan

Bahaushe ya san hazo, ya san ƙura, ya kuma san hayaƙi, kowanne da sunansa. Abin da bai tanadar wa kalma guda ba shi ne haɗuwar hazo da hayaƙi su zama abu ɗaya mai kisa. Wannan shi ne abin da ya auku a birnin Landan daga ranar 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952.

A wancan zamani, kusan kowane gida a Landan da kwal yake ɗumama ɗaki, haka ma masana'antu da tashoshin wutar lantarki da shi suke aiki. Shi kuwa kwal yana ɗauke da farar wuta, wadda idan ta ƙone takan fita a matsayin iska mai shaƙe numfashi. A makon nan an yi matsanancin sanyi, kowa ya ƙara wuta, iska kuma ta tsaya cik. Sai iska mai ɗumi ta yi wa mai sanyin da ke ƙasa rumfa, tamkar an kifa faifai a bakin tukunya, hayaƙi ya rasa hanyar tashi. Gari ya yi duhu da rana tsaka, har ta kai mutum ba ya ganin ƙafarsa a wasu unguwanni, zirga-zirgar motoci ta tsaya. Ƙididdigar farko ta nuna mutum kimanin 4,000 sun mutu, amma binciken da aka yi daga baya ya kai adadin wajen 12,000. Mafi yawansu tsofaffi ne da ƙananan yara da masu ciwon ƙirji.

Wannan bala'i ne ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta ba hukumomi ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi a wasu sassan gari. Iskar Landan ta gyaru ƙwarai. Sai dai akwai wata dabara da aka bi a shekarun da suka biyo baya wadda ta cancanci a tsaya a kanta, wato gina wa tashoshin lantarki bututun hayaƙi masu tsawon gaske, domin hayaƙin ya wuce can sama. A ido, matsala ta kau. A haƙiƙa kuwa, shara ce aka share daga ƙofar gida aka tura ƙofar maƙwabci.

Yadda abin yake shi ne, iskar farar wuta da takwararta ta naitirojin, wadda injinan motoci ma suke fitarwa, sukan haɗu da danshin da ke cikin gajimare su rikiɗe su zama asid, dangin ruwan batir, ko da yake ba su kai shi ƙarfi ba. Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14, kuma gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon ƙarfin tsami. Ruwan sama na yau da kullum yana wajen 5.6, gurɓatacce kuwa yakan sauka zuwa 4.3 ko ƙasa da haka. Tun a 1872 Robert Angus Smith, wanda ya nazarci ruwan saman Manchesta, ya ba abin suna, amma ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. (A Hausa wasu kan ce “ruwan guba”. Wannan fassara ta zarce gona da iri, domin ruwan ba ya ƙona fata. Ɓarnarsa a hankali take zuwa. “Mai tsami” ya fi kusa da ma'ana.)

Iska ta riƙa kwasar hayaƙin Birtaniya da na tsakiyar Turai tana kai shi Suwidin da Norwe, inda kifaye suka ƙare a tafkuna masu yawa. Masanin ƙasar Suwidin, Svante Odén, shi ya fito da wannan alaƙa fili a ƙarshen shekarun 1960. Ruwan yakan wanke sinadaran da tsirrai ke buƙata daga ƙasa, ya kuma cinye gine-ginen farin dutse. Suwidin ta yi ta zuba farar ƙasa a tafkunanta don kashe tsamin, amma wannan jinya ce kawai. Magani ya fara ne da yarjejeniyar Janeba ta 1979, wadda ƙasashen Turai da Amurka da Kanada suka sa wa hannu. Daga nan aka shiga sanya na'urorin tace hayaƙi, aka rage farar wuta a cikin mai, aka koma ga iskar gas. A watan Satumba na 2024 Birtaniya ta rufe tasharta ta ƙarshe mai amfani da kwal.

Malamin da zai koyar da wannan batu a Kano ko Zariya ya kamata ya yi hattara, kada ya kwafo matsalar Turai yadda take. A ƙasar Hausa, ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana rage tsamin ruwan sama, don haka ba shi ne babban abin tsoro ba. A yankin Neja Delta, inda ake ƙona iskar gas a filayen haƙar mai, nan ne mazauna suka daɗe suna kukan saurin tsatsar kwanon rufi. Abin da ya shafi biranen Arewa kai tsaye shi ne darasin 1952: hayaƙin janareta da na A Daidaita Sahu da tsofaffin motoci, da ƙona bola da tayoyi, da girki da itace, duk sukan taru su kwanta a kan gari da asubahin hunturu idan iska ta tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019. Mai shagon da ya juya salansar janaretansa zuwa tagar maƙwabci, dogon bututu ya gina, ko da bai sani ba.

Aikin Ɗalibi

1. Me ya sa dogayen bututun hayaƙi ba su magance matsalar ba?
2. Kawo wata kalmar Hausa, ko ka ƙirƙiro, wadda za ta ɗauki ma'anar haɗuwar hazo da hayaƙi, sannan ka kare zaɓinka.