Mace a Majalisar Ƙasa: Darasi Daga Aikin Binta Masi Garba

Manufar darasi: mu gane yadda mace takan kai ga kujerar majalisa, mu kuma duba abin da wannan zai koya wa ƙungiyarmu.

Aikin majalisa

Majalisar Ƙasa da ke Abuja kashi biyu ce. Akwai Majalisar Dattawa mai kujera 109, watau uku daga kowace jiha, ɗaya kuma daga Abuja. Akwai kuma Majalisar Wakilai mai kujera 360. Mu a nan Amarawa muna cikin mazaɓar Illela da Gwadabawa, sanatanmu kuwa na Sakkwato ta Gabas ne. Aikinsu uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin sawun yadda aka kashe kuɗin. Kuɗin taki, da na rijiya, da na hanyar da za ta kai albasarmu kasuwa, in na gwamnatin tarayya ne, sai sun bi ta hannunsu.

Kafin a buɗe ƙofa

Matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976, shekara 16 bayan mulkin kai. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da dama saboda neman wannan hakki.

Tafiyar Binta Masi Garba

An haife ta a barikin soja a Kaduna cikin 1967. Asalin iyayenta Michika ne, a Adamawa. Ta yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ta yi aiki a jaridar New Nigerian. A 1999 mutanen Kaduna ta Kudu suka zaɓe ta Majalisar Wakilai, tana da shekara 32. Suka sāke zaɓenta a 2003. A 2007 ta koma gida, ta ci kujerar Madagali da Michika. Ta haka ta wakilci mazaɓa biyu a jiha biyu dabam dabam.

Daga 2011 ba ta cikin majalisa, amma ba ta naɗe tabarma ba. A 2014 ta zama shugabar jam'iyyar APC ta Jihar Adamawa. A 2015 ta ci kujerar sanata ta Adamawa ta Arewa. A wannan zaɓe ita kaɗai ce mace da ta shiga Majalisar Dattawa daga dukan jihohin Arewa 19. Can ta shugabanci kwamitin manyan makarantu. A 2019 ta sāke tsayawa, ba ta yi nasara ba.

Abin koyo

Na ɗaya, ilimi ne ya share mata hanya. Yarinyar da aka cire daga makaranta domin talla ba za ta iya karanta kasafin kuɗi ba.

Na biyu, shugabanci koyonsa ake yi, da rarrafe yaro kan tashi. Ta yi shekara 12 a Majalisar Wakilai kafin ta zama sanata. Idan ba mu ba mata riƙon littafin kuɗi ko kujera a kwamitin ƙungiya ba, ina za su koya?

Na uku, kujera ta masu zaɓe ce. Su ne suka ba ta, su ne suka karɓe. Saboda haka wadda ta sayar da ƙuri'arta a kan sabulu ko turmin atamfa ta sayar da bakinta na shekara huɗu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mata nawa ne a ƙungiyarmu, nawa ne kuma a cikin kwamiti?
2. Me ke hana mace magana a taronmu: kunya, lokacin taro, ko rashin izini daga gida?
3. Wace bukata ɗaya ce za mu rubuta wa wakilinmu?

Aiki: magatakarda ya rubuta amsoshin, a karanta su a taro na gaba.