Ƙaiƙayi a Jikin Yaro

Jama'a, darasinmu na yau a kan ƙaiƙayi ne. Ba ƙaiƙayin da a ke samu wajen sheƙar gero mu ke nufi ba. Muna nufin wanda ya ke hana yaro barci, ya hana uwarsa, har maigida ma ya kwana yana juyi.

Duk wanda ya zauna a Yelwa, ko Wara, ko Shanga, ko ƙauyukanmu na bakin ruwa, ya sha ganin yaro mai susa. Mu kan ce, "Ai ƙuraje ne, za su wuce." Wani lokaci su wuce ɗin. Wani lokaci kuwa ba su wucewa sai sun jawo wa yaro babban ciwo.

Ƙaiƙayi ba cuta ɗaya ba ne. Alama ce, kamar hayaƙi. Mai hankali in ya ga hayaƙi ya kan nemi inda wutar ta ke. Haka mu ma, kafin mu shafa wa yaro kome, sai mu fara sanin abin da ya kawo ƙaiƙayin.

Haɗarin Susa

Fata ita ce katangar jiki. Tana tare ƙwayoyin cuta kamar yadda danga ta ke tare awaki. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. In yaro ya sosa jikinsa da farce, ya tsaga bangon ke nan. Ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya yi ruwa, ya yi mugunya, ya zama gyambo.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai wata irin ƙwayar cuta da ta ke shiga ta gyambon fata. Bayan 'yan makonni ta kan jawo wa wasu yara ciwon ƙoda. Sai a ga fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya ragu, ya yi duhu kamar ruwan shayi. Iyaye su yi ta mamaki, ba su san daga susa abin ya faro ba.

Iri Uku da Mu Ka Fi Gani

Na farko shi ne ƙurajen zafi. Su kan zo da bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da gumi ya yi yawa. Ƙanana ne ƙwarai, kamar an watsa gero. A kan gan su a wuya, da ƙirji, da baya, da goshi. Jariri mai kwana a goye ya fi samunsu. Dalilinsu shi ne ƙofofin gumi sun toshe. Ba a ɗaukarsu daga wani. In jiki ya sha iska, su kan baje cikin 'yan kwanaki.

Na biyu shi ne ƙaiƙayin ruwa. Wannan namu ne, mu mazauna bakin tafki. A shekarar 1968 a ka gama gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100. Mutane fiye da 40,000 su ka tashi daga garuruwansu da gungunansu, a ka sake musu matsuguni. Tafkin ya kawo kifi da wutar lantarki, kuma a gefensa a na noman albasa. Amma ruwa mai kwanciya, mai ciyawa a baki, shi ne gidan wasu ƙananan dodon koɗi. A cikinsu tsutsar tsargiya ta ke girma.

Ga yadda abin ya ke. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa. Ƙwan tsutsa ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin dodon koɗi. Bayan wani lokaci su fito, su yi ta yawo cikin ruwa, ido ba ya ganinsu. Yaro ya shiga wanka, su huda fatarsa su shige. Da ya fito sai ya ji ƙafafunsa suna ƙaiƙayi, wani lokaci har da 'yan ƙuraje. Ƙaiƙayin ya kan tafi bayan kwana kaɗan, amma tsutsar tana nan a ciki. Bayan wata biyu ko uku a fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Wasu su kan ce wai alamar girma ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne. Cuta ce, kuma tana da magani. A jikin kwalinsa an rubuta Praziquantel. A na raba shi a makarantu, a na kuma samunsa a asibiti.

Na uku shi ne ƙazuwa. Ita ce ta fi wahalar da gida, don haka za mu daɗe a kanta.

Ƙazuwa

Da can mutane a ƙasashe da yawa suna tsammani ɓacin jini ne ya ke kawo ƙazuwa. A shekarar 1687 wasu masana biyu a ƙasar Italiya, Bonomo da Cestoni, su ka duba da madubin likita. Su ka ga ashe wani ɗan ƙwaro ne. Girmansa bai kai rabin milimita ba. Macen ta kan haƙa rami a cikin fata, ta riƙa saka ƙwai 2 ko 3 ko wace rana. Ƙwan ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana 3 ko 4. Yawanci ƙwarin da ke jikin mutum ɗaya ba su wuce 10 zuwa 15 ba, amma sun isa su hana shi sakat.

Ba mu kaɗai mu ke fama da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ko wane lokaci mutane miliyan 200 ko fiye suna da ƙazuwa. A shekarar 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da a ka yi wa sakaci.

Yaya za mu gane ta? Akwai alamu uku. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare. Ƙurajenta su kan fito a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da hamata, da cibiya, da ƙugu, da ɗuwawu. Ga jarirai har da tafin hannu, da tafin ƙafa, da kai. Alama ta uku kuwa, ba ta tsayawa ga mutum ɗaya. In yaro yana susa, uwarsa tana susa, yayansa ma yana susa, to, mu yi zaton ƙazuwa.

A na ɗaukarta ta haɗuwar jiki da jiki, kamar goyo da kwana a shimfiɗa ɗaya. Shi ya sa ta kan bazu inda yara su ke kwana a cunkushe, a gida, ko a makarantar allo, ko a makarantar kwana. Ba abin kunya ba ce. Mai wanka kullum ma ya kan same ta, domin sabulu ba ya kashe ƙwaron da ke cikin raminsa.

Ga wani abu da ya kamata mu riƙe da kyau. Wanda ya ɗauki ƙazuwa karo na farko ya kan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya fara jin ƙaiƙayi. Duk wannan lokaci ƙwaron yana jikinsa, yana kuma iya ba wani.

Bari mu yi misali. A ce akwai wani masunci mai 'ya'ya huɗu, suna kwana a tabarma ɗaya. Ƙaraminsu ya yi ƙazuwa. Uwargida ta kai shi asibiti, a ka ba ta magani, ta shafa masa shi kaɗai. Ya warke. Bayan wata guda ƙaiƙayi ya dawo. Maigida ya ce maganin ba shi da kyau. Shin laifin magani ne? A'a. Ƙwaron yana jikin 'yan'uwansa uku, ya sake komowa gare shi. Wanda ya kwarfe ruwa daga jirgi bai toshe ɓular ba, ai bai gama aiki ba.

Saboda haka dokar ƙazuwa ita ce, a yi wa dukan mutanen gida magani a dare ɗaya, da mai susa da marar susa.

Yadda A Ke Maganinta

Mu fara kai yaro ga ma'aikacin lafiya, a asibitin garinmu ko Babban Asibitin Yauri, ya duba ya tabbatar. A nan ne karatunmu zai yi mana rana, domin za mu iya karanta sunan magani da kanmu.

Akwai man shafawa da a ka rubuta wa Permethrin 5%. A na shafa wa yaron da ya kai wata 2 da haihuwa. A shafa daga wuya har tafin ƙafa, ba kan ƙuraje kaɗai ba. Kada a manta da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ga ƙananan yara a haɗa da kai da fuska, amma a kiyaye ido da baki. A bar shi a jiki awa 8 zuwa 14. In an shafa bayan lisha, sai a yi wanka da safe. Wanda ya wanke hannu cikin dare ya sake shafawa a hannun. Bayan kwana 7 a maimaita, don a kashe waɗanda su ka ƙyanƙyashe daga baya.

Akwai man farar wuta wanda a ke haɗawa a ɗakin magani. Shi a kan ba jariran da ba su kai wata 2 ba. A na shafa shi dare 3 a jere. Yana da wari, amma yana aiki. Kada mu haɗa shi da kanmu a gida.

Akwai kuma wani farin ruwan magani mai kama da madara, an rubuta masa Benzyl Benzoate. Yana da zafi a fata. Ba a shafa wa yara sai an surka shi, kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi yadda za a surka.

Washegari a wanke tufafi, da zannuwan goyo, da mayafai da ruwan zafi, a shanya a rana. Ƙwaron ba ya wuce kwana 2 ko 3 da rai in ba ya jikin mutum. Don haka abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi cikin leda, a ajiye har mako guda.

Kada mu damu in yaro bai daina susa nan da nan ba. Ko bayan ƙwaron ya mutu, ƙaiƙayi ya kan yi mako 2 zuwa 4 kafin ya tafi sarai.

Yadda Za Mu Sanyaya wa Yaro

Ko wane irin ƙaiƙayi ne, ga abin da uwa za ta iya yi a gida.

1. Ta yanke masa farce, ta wanke masa hannu.
2. Ta yi masa wanka da ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi. Ruwan zafi yana ƙara ƙaiƙayi.
3. Kada ta dirje shi da soso. Ta tsane jikin da tsumma mai tsabta a hankali.
4. Ta jiƙa ƙyalle da ruwan sanyi, ta ɗora inda ya ke sosawa.
5. Ta sa masa riga marar nauyi ta auduga. Da bazara ta riƙa sauke shi daga goyo ya sha iska a inuwa.
6. In da hunturu ne, fata ta bushe ta yi furu-furu, ta shafa masa man kaɗanya bayan wanka. Amma ƙurajen zafi ba su son mai.
7. Ruwan kalamin da a ke sayarwa a kemis yana sanyaya fata. Kada a sa shi a kan gyambo.
8. In daga tafki a ka ɗebo ruwan wanka, a tafasa shi ya huce, ko a ajiye shi kwana 2 kafin a yi wa yaro wanka. Tsutsar tsargiya ba ta daɗewa da rai a cikin randa.

Abin da Ba Za Mu Yi Ba

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada mu shafa wa yaro baƙin mai, ko kananzir, ko fiya-fiya, ko maganin feshin gona. Waɗannan guba ne, kuma fatar yaro tana tsotsarsu. Kada mu sayi man shafawa mai haɗe-haɗe, ko na sauya launin fata. Irinsu su kan kwantar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, ƙwaron kuwa yana ta ƙaruwa a ciki. Kada mu ba yaro maganin da a ka rubuta wa babba.

Lokacin Gaggawa

Mu ɗauki yaro zuwa asibiti a ranar, ba sai gobe ba, in mun ga ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙuraje tare da zazzaɓi, da tari, da jan ido, domin ƙila ƙyanda ce. Gyambo mai mugunya, ko mai ɓawo kamar zuma. Kumburin fuska ko ƙafafu. Fitsari mai duhu ko mai jini. Kumburin leɓe tare da wahalar numfashi. Yaron da ya ƙi nono ko ya galabaita.

To, jama'a, in mun koma gida yau, mu kira yaranmu mu duba tsakanin yatsunsu. Mu karanta wa uwargida wannan darasi, mu karanta wa maƙwabci. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Me ya sa susa ta ke da haɗari ga yaro?
2. Faɗi alamu uku na ƙazuwa.
3. Don me a ke yi wa dukan mutanen gida magani a dare ɗaya?
4. Ta wace hanya tsutsar tsargiya ta ke shiga jiki?
5. Faɗi abubuwa uku da ba za mu shafa wa yaro ba.

Aikin Rubutu

Ko wane ɗalibi ya rubuta wannan jimla sau biyar a littafinsa: Maganin ƙazuwa na dukan gida ne.