Yadda Ake Nazarin Haɗa Furotin Ta Hanyar Misalin Sikila

Darasin haɗa furotin yana cikin waɗanda suke wahalar da ɗaliban kimiyya masu shirin bakaloriya a makarantun Dungas da Magarya, domin da Faransanci ake karantar da shi, abin da ake bayani a kansa kuma ido ba ya gani, sai ɗalibi ya koma ga hadda. Hanyar da ta fi kyau ita ce a ɗauki misali guda a bi shi da hannu daga tushe, kuma babu misalin da ya fi kusa da mutanen wannan yanki kamar sikila, wato amosanin jini.

Da farko ɗalibi zai tanadi ƙwayoyi iri biyar: wake a madadin harafin A, gyaɗa a madadin T, masara a madadin G, ƙwallon tsamiya a madadin C, gurjiya kuma a madadin U. Haruffa huɗun farko su ne tubalan ADN, wato zaren gado mai igiya biyu da ke cibiyar tantanin halitta, inda A ke fuskantar T, G kuma ke fuskantar C. Zai jera CCT GAG GAG a kan tabarma, waɗanda su ne rukuni na biyar da na shida da na bakwai a ƙwayar gadon sarƙar beta ta hemogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, sannan ya jera abokan zamansu a ƙarƙashi: GGA CTC CTC.

Mataki na biyu shi ne kwafa. Daga igiyar ƙasa ake kwafo ARN ɗan saƙo, wanda babu T a cikinsa sai U, don haka sabon layin zai fito CCU GAG GAG. A nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, saboda suna kwafowa daga igiyar sama.

Sai fassara, wadda ke gudana a ribozom, ma'aikatar da ke karanta saƙon harafi uku-uku, kowane uku ana kiransa kodon. Kodon 64 ne, 61 suna kiran amino asid, wato tubalan furotin iri 20, sauran ukun, UAA da UAG da UGA, suna tsayar da aiki. Jadawalin da ke littafin aji zai nuna cewa CCU furolin ne, GAG kuma asid gulutamik.

Yanzu aka zo ga sauyin gado, inda ya kamata a daɗe. Ɗalibi zai ɗauke waken da ke tsakiyar rukuni na shida ya sa gyaɗa, ya gyara igiyar ƙasa, ya sake kwafa da fassara da kansa: GTG zai ba da GUG, wanda ke kiran balin. Amino asid ɗaya ke nan ya canza cikin 146 da ke sarƙar, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a Kambirij a 1957, amma da yake balin ba ya jituwa da ruwa, idan oksijin ya ragu sai hemogulobin ya manne da juna ya yi dogayen zaruruwa, jan tantanin jini ya lanƙwashe kamar lauje ya toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwon ƙashi da gaɓoɓi ya taso. Bayan haka zai mayar da waken ya gwada wasu sauye-sauyen a rukunin nan: GAA ba ya canza komai, AAG yana kiran lizin ya ba da hemogulobin C da ya yawaita a Burkina Faso da arewacin Gana, TAG kuma yana yanke sarƙar tun ba ta yi nisa ba. Idan aka cire ƙwaya ɗaya aka matso da sauran, duk karatun da ke gaba zai rikice.

Mataki na ƙarshe shi ne sarrafa aikin ƙwayoyin gado, kuma da tambaya ake shiga shi: me ya sa jaririn da ya gaji sikila daga uwa da uba ba ya cika nuna ciwo sai ya kusa wata shida? Dalili shi ne ɗan tayi yana haɗa hemogulobin F ne, daga wata ƙwayar gado daban da ke kan kuromozom na 11 tare da ta beta, bayan haihuwa kuma furotin mai suna BCL11A yakan danne ta, ta beta ta karɓi aiki. Ɗalibi zai jera layi na biyu a gefe a madadin ƙwayar gadon hemogulobin F, ya rufe shi da ƙwarya, ya lura cewa ƙwayoyin suna nan, kwafarsu ce aka hana. François Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur ne suka bayyana irin wannan buɗewa da rufewa a 1961, a jikin bakteriya, kuma maganin haidiroksiyuriya da likitoci ke bai wa masu sikila yana aiki ne ta hanyar ƙara yawan hemogulobin F a jininsu.