Jiyyar Kafaɗa Bayan An Yi Mata Aiki

Duk cikin gaɓoɓin ɗan Adam babu wadda ta fi kafaɗa juyawa, saboda haka ne kuwa ta fi sauran saurin gocewa. Kan ƙashin dantse yana zaune ne cikin wani ɗan kwarmi marar zurfi na allon kafaɗa, kamar lemo bisa murfin kwalba. Tsokoki 4 da jijiyoyinsu su ne ke riƙe da shi. In ɗaya ta yage, ko gaɓar ta riƙa gocewa a kai a kai, sai likita ya ɗinke. A nan Arewa irin wannan aiki akan yi shi a manyan asibitoci, kamar asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe cikin 1959, da asibitin koyarwa na Shika kusa da Zariya.

To, mutum ya komo gida Kachia ko Kafanchan, me ya saura? Jiyya ce ta saura, ita ce kuwa ta fi wuya. Mako 4 zuwa 6 na fari hannu yana rataye cikin ƙyalle dare da rana. Yatsu da wuyan hannu a riƙa motsa su kullum, don kada su sandare. Barci kuwa a kishingiɗe ya fi daɗi, da matashi a ƙarƙashin hannun. In likita ya yarda, sai majiyyaci ya sunkuya, ya saki hannun yana lilo a hankali kamar guga a bakin rijiya.

Ga inda mutanenmu ke yin ɓarna. Fata takan warke cikin mako 2, zafi ya ragu, sai mutum ya ce ai ya warke. Alhali jijiya ba ta kama ƙashi sosai sai wajen mako 12, ƙarfi kuwa ba ya komowa duka sai wata 6, wani har shekara. Ku lissafa da kanku: manomin citta da aka yi wa aiki cikin Fabrairu, ruwan shuka zai sauka cikin Afrilu ɗinkinsa bai gama kamawa ba. Yana ganin maƙwabta sun fita, ya ɗauki fartanya, sara ɗaya ɗinki ya tsinke. Ya yi hasarar kuɗin aiki, daminar ma ba ta samu ba. Gara dangi su yi masa gayya wannan shekara. Mu malamai ma ba mu tsira ba, domin rubutu a saman allo ɗaga hannu ne bisa kai. Sai a sa wani yaro ya rubuta.

Daga wajen mako na 6 ma'aikatan gashin ƙashi za su koya masa ɗaga hannu da kansa, kamar taka bango da yatsu, kowace rana a ƙara kaɗan. Mai ciwon sukari ya fi kowa bukatar naciya, don kafaɗarsa tana saurin ƙagewa. Taba kuwa tana hana ɗinki kamawa. Masu ɗori suna da gwanintarsu, amma kafaɗar da aka ɗinke ba ta ja ba ce, ba ta murza ba ce. In aka ga zazzaɓi, ko mugunya a bakin miki, ko yatsu sun mutu, a koma asibiti ran nan, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.